Wayar da na fere a ƙarƙashin sitiyari

Ni ne na lalata motar, ba matata ba, kuma na daɗe kafin bakina ya iya faɗin haka.

Tsohuwar mota ce, amma tana da abu biyu da nake taƙama da su: kilim mai sanyaya cikin mota, da wani maɓalli mai riƙe gudu, ka ɗauke ƙafa tana tafiya da kanta. A hanyar Takieta nakan danna shi in kishingiɗa kamar wani gwamna.

Maman yara ba ta daɗe da samun permin tuƙi ba. Ta koyi tuƙi ne saboda mahaifiyarta da ke Hamdara, wadda ciwon ƙafa ya zaunar. Ranar da ta fara zuwa ita kaɗai, ta dawo sharkaf da gumi, kilim ya mutu a hanya. Da na gwada, mai riƙe gudun ma ya ƙi.

"Me kika taɓa?"

"Malam, sitiyari da birki. Da wani abin taɓawa ne?"

"Kin dai daddanna abin da ba ki sani ba."

Daga ranar ta daina tuƙi. Ta rataye makullinta a ƙusar bayan ƙofa, ta koma bin motocin Mirriya, daga can ta hau babur.

Na canza fizibil, wato fis ɗin wutar mota da ya ƙone, komai ya dawo. A kwalta lafiya lau, amma ina shiga lungunmu mai ramuka sai ya sake ƙonewa. Na sa wani, shi ma ya bi. Duk da haka ban daina cewa ita ta jawo ba.

Daga ƙarshe na kai wa mai gyaran wutar mota, abokina tun muna yara. Ya ce a motata fizibil ɗaya ke ba kilim da mai riƙe gudun wuta, lalle akwai wayar da ke taɓa ƙarfe in mota ta yi tsalle. Ya kwanta ƙarƙashin sitiyari yana girgiza wayoyi, can ya jawo wata da aka naɗe da leda, ledar ta narke.

"Wane jakin ne ya yi wannan aiki?"

Na gane ƙullin. Da bazara, an ɗauke wuta, ni na fere wayar na jona ƙaramar fanka don 'yan fadarmu su sha shayi cikin iska. Da muka tashi na ɗaure wurin da abin da hannuna ya samu, na manta.

"Mai motar na farko ne, tun tana Turai," na ce.

"Au, Turawa ma na cin ƙuli-ƙuli? Ga mansa nan a jikin ledar!"

Ya yi dariya har da tari, ya gyara. A gida na ce mata kawai an gyara mota. Ta ce madalla. Washegari na gan ta da kwanon tuwon tsohuwa a ɗaure, za ta tasha cikin ranar nan.

Na ciro makullin daga ƙusa, na sha gabanta a zaure.

"Maman yara, tsaya. Ba ki taɓa komai ba. Ni na fere waya don fankar fada, na ɗora miki. Na sa kin sha rana a banza, na sa kina shakkar hannunki, alhali kin fi ni bin rami a hankali. Ga makullinki. Don Allah ki yafe mini."