Yadda Bandata Ta Shiga Kayan Gado

Shekarun baya, tun ƙafafuna suna kai ni bakin kogi babu sanda, an taɓa lissafa sana'ata cikin kayan gado ina raye, ina zaune, ina ji da kunnena. Yanzu in na tuna dariya nake yi. A lokacin kuwa abin ba na dariya ba ne.

Ni mai bandar kifi ce. A Haɗeja in kana neman tarwaɗar da ba ta ƙauri, ba ta rugurgujewa a kwali, ƙofar gidana za a nuna maka, ba yabon kai ba. A wurin kakata na koya, ita kuwa iyayenta daga bakin tafkin Cadi suka taso da sana'ar. Ban taɓa shiga aji ba. Amma in na shinshina hayaƙi daga tsakar gida, zan gaya maka ko wutar ta yi yawa. Masu saye har wani laƙabi suka sa mini, da shi ake cigiyar kifina tun daga Guri har Kano.

Ana nan sai wani mai babban kanti a Kano ya aiko cewa yana son kifina a kai a kai, amma da sharaɗi. Sai a leda mai tambari, sai sunan sana'a mai rajista, sai asusun banki da wannan sunan. 'Yata ta tsakiya, wadda ta yi boko, ta ce ai abu ne mai sauƙi, laƙabin nan nawa shi za a yi wa rajista, katin ɗan ƙasa kawai ake bukata. To, ni ba ni da shi. Muka tafi wurin yi. Na sha kwalliya kamar mai zuwa biki, lallena ya kama ja wur. Aka ce in ɗora yatsa a kan wata 'yar na'ura. Na ɗora, ta ƙi. Na goge a zane na sake ɗorawa, ta ƙi. Duk yatsun aka gwada. Ma'aikacin ya ce, "Hajiya, wuta da ƙayar kifi sun cinye zanen yatsunki, ga kuma lalle." Na ce, "Yatsun da suka aurar da 'ya'ya uku su ne wannan abar ba ta gani? To, ta riƙe katinta." Na ja mayafina na fito.

Da na koma gida ina ta sababi, maigidana, Allah ya jiƙansa, ya bari sai da na huce, sannan ya ce, "Ga nawa katin, a yi da shi mana. Ba gida ɗaya ba ne?" Wallahi har daɗi na ji. A tarbiyyarmu ma mace ba ta rawar jiki ta ga sunanta a gaban na mijinta. Aka yi rajista, takarda ta fito da laƙabina a sama, sunansa a ƙasa a matsayin mai sana'a. Kifi ya yi ta tafiya Kano. Shi dai nasa sa hannu a banki, ya dawo ya koma gonarsa ta shinkafa. Ko kan tarwaɗa bai iya lanƙwasawa ba.

Sai Allah ya yi masa rasuwa.

Ina cikin takaba banki ya rufe asusun, wai mai shi ya rasu. 'Yata ta je ta yi tambaya a kan yadda za a mayar da sunan kaina. Aka ce mata sai da takardar shaidar mutuwa, da takardar kotu, da yardar duk magada. Na ce magada ai mu ne. Sai ta ce, "Inna, kin manta Baba bai bar ɗa namiji ba. Baffa ma yana ciki."

Baffan nasu shi ne ƙanin mijina, uwa ɗaya uba ɗaya, manomi ne a Guri. Tun ina amarya muke wasa da shi, yana ce mini "matata", ina ce masa "mijin wahala". Ba mugu ba ne, kar in ɗauki alhakinsa. Amma shekarar nan ambaliya ta shanye masa shinkafa kaf, kuma ɗansa ya hure masa kunne cewa sunan nan dukiya ne, akwai wani ɗan kasuwa da zai saye shi ya riƙa zuba nasa kifin a ledar. Ku ji fa. Kifin wani, mai ƙauri, mai tsutsa, a cikin leda da laƙabina a jiki. Gona da gida ba su dame ni ba, a raba yadda Allah ya ce. Sunan nan ne ya hana ni sakat.

Bayan na fita takaba aka sa ranar rabo. Aka shimfiɗa tabarmi a zaure, malamin unguwarmu da ke rabon gado ya zo, ga dattawa, ga ƙanin mijina. Ni da 'ya'yana muna daga bakin ƙofar cikin gida. Aka ambaci gona, aka ambaci gida, aka ambaci babur. Sai ƙanin mijina ya yi gyaran murya ya ce, "Saura kamfanin kifi."

Na ce, "Wane kamfani? Gangunan bandata guda nawa ne kamfani?"

Ya ce, "Matata, yau ba ranar wasa ba ce. Takardar gwamnati sunan Yaya ta ɗauka."

Na ce, "Yayan naka ka taɓa ganinsa da toka a gira?"

Malam ya ɗaga hannu. Ya ce, "Hajiya, ni ban ƙi taki ba. Duk garin nan an san ke ke aikin. Amma yin aiki daban, mallaka daban. Mutum yana iya kafa sana'a ya sa iyalinsa su riƙa yi masa. Ga takarda ta ce tasa ce, shi kuma ba ya nan balle a tambaye shi. Kina da shaidar cewa taki ce?"

Jama'a, wace shaida zan kawo? 'Ya'yana magada ne, an ce maganarsu ba za ta wadatar ba. Masunta sun san ni ke saye a hannunsu, amma wa ya san daga aljihun wa? Sai kawai takaici ya sa na ce, "Shekara nawa kana cin kifina a banza, yau kai ne za ka sayar da sunana?"

Ashe nan na taɓo shi. Ya zabura har hularsa ta karkace. Ya ce, "A banza? Malam, ka ji ta! Matar nan ko kan kifi ba ta taɓa ba ni kyauta ba. Duk wanda na ci, Yaya ne ya saya mini. Da Sallah in zai yi mini aike, sai ya tsuguna gaban kwandonta kamar baƙo. Ya taya, ta ce albarka. Ya ƙara, ta ce albarka. Ina zaune a kan turmin can wata rana har ya yi fushi ya miƙe zai tafi kasuwa, ta ce ya tafi, in ya samo irinsa ta biya. Ya dawo ya saya! Mijinta fa!"

Dattawa suka fara murmushi, don kowannensu ya san wannan a gidansa. Mu nan haka muke. Ƙosai ne, ƙuli ne, man gyaɗa ne, in dai sana'ar mace ce, miji saye yake yi kamar kowa, cefanensa daban, jarinta daban.

Malam bai yi murmushi ba. Ya juya ya dube shi ya ce, "Saye ka ce yana yi?"

"Saye mana."

"Da idonka ka gani?"

"Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. In rantse?"

"A'a, ba sai ka rantse ba. Abu ɗaya nake so ka gaya mini. Ka taɓa ganin mutum ya taya kayansa, an ce masa albarka?"

Ƙanin mijina ya cire hular ya duba cikinta kamar amsar tana can. Wani dattijo ya kasa riƙewa ya fashe da dariya, sauran suka ɗauka. Ni kuwa na zauna daɓas a dokin ƙofa, hawaye na zuba ina dariya, ban san wanne ya riga wanne ba.

Da ya gama duban hular sai ya ce, "To, ni na kawo ƙara, ni na ba da shaida, ni na kayar da kaina. Matata, kin ci. Allah ya jiƙan Yaya, ba zan ci abin da ba nasa ba." Malam ya ce a cire kifi daga lissafi, sana'a da sunanta na mai su ne.

Sauran duk zirga-zirga ce. Watannin takaba ban sa lalle ba, ban taɓa wuta ba, yatsuna suka murmure, na'urar nan ta karɓe ni ba gardama, na sami katina. Ƙanin mijina da kansa ya hawo mota daga Guri ya je kotu ya sa hannu, har yana yi wa ɗansa faɗa a hanya. Aka ɗauki lokaci, aka yi ta je-ka-ka-dawo, amma ƙarshe sabuwar takarda ta fito. Ban iya karanta ta ba. Na sa 'yata ta ɗora mini yatsa a daidai inda sunana yake, na daɗe ina kallon wurin.

Tun daga nan duk macen da ta zo mini da zancen rajista, abu ɗaya nake gaya mata: ki sa sunanki. Ba don mijinki macuci ne ba, nawa ba macuci ba ne, taimakona ya yi. Amma takarda ba ta san zaman da kuka yi ba, abin da aka rubuta mata shi take faɗi bayan mutum ya tafi. Tawa takardar ma yanzu na sa an ƙara sunan 'yata a ciki tun ina da rai, kar wani ya sake zama a zaure a kaina.

Abin da ya rage mini shi ne kewa. Masu saye na zuwa, na Kano ma ta waya suke magana, a faɗi kuɗi su ce to. Babu mai tsugunawa gaban kwandona ya ɗaga tarwaɗa ya juya ta, ya ce wai ta yi ƙanƙanta, alhali ya san ƙarya yake yi. Da na san cinikin nan namu ne zai tsaya mini a ranar da ba ya nan, wallahi da ko sau ɗaya na yi masa ragi.