Falmata Da Guguwar Teku

Da safen nan ina shirin fita ƙanwar ƙawata ta kira ni. Dakta Falmata ta rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na zauna a bakin gado da ɗankwali a hannu, na kasa ɗaurawa.

Tare muka yi karatu a Shabu, nan gefen garin Lafia. Ranar da ban samu okada ba, ita ma ba ta hawa, sai ta tsaya mu tafi tare.

Lafia ba mu da teku, amma Falmata ta zaɓi karatun mahaukaciyar guguwar teku, har ya kai ta aiki ƙasar waje. Na sha yi mata tsiya a kan haka. Wata rana muna wucewa ta wajen masu turara shinkafa ta ce, "Ƙawata, dubi hayaƙin can. Na ƙasa ya yi gabas, wanda ya yi tsawo ya karkata wani wajen. Haka guguwa take, iskar da ke kewaye da ita ce ke jan ta. Mai rauni iskar ƙasa take bi, mai ƙarfi kuwa kanta na kaiwa sama, har iskar can ma sai ta ja ta."

Dariya na yi.

Ban yarda ba sai da ƙanena Bukar ya tafi aiki wani garin bakin teku a Mozambik. Guguwa ta taso, da alama gefe za ta bi. Falmata ta kira shi da kanta: "Bukar, ƙarfinta na ƙaruwa, kuma iskar sama wajenku take bugawa. Ka tashi yau, ka gaya wa maƙwabta."

Ya tashi, shi da iyalan da suka saurare shi. Guguwar ta juyo, ta yaye rufin gidan da yake haya.

Bukar yana nan da ransa, har ya yi aure.

Ganinmu na ƙarshe da Sallar bara ne. Ta rame, amma ba ta bari mun yi zancen ciwo ba. Cewa ta yi, "Ina so in dawo in koyar da yaranmu."

Allah bai nufa ba.

'Yar Lafia ce, tamu ce, kuma wallahi ina alfahari da ita.

Allah Ya yi mata rahama, Ya haskaka makwancinta, Ya ba Hajiyarta haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa Falmata a addu'arsa.