Indo Mai Yankan Abaya

Indo ta shigo Jidda da niyyar umra tana da shekara ashirin da shida, ba ta koma ba. 'Yar Gumel ce, kawunta tela ne ya koya mata riƙon almakashi tun tana ƙarama. Da mijin da ta aura a unguwar Hindawiyya ya rasu, sai ta samu aiki a wani shagon ɗinkin abaya a unguwar Bani Malik, na wata Balarabiya mai suna Haifa, wadda ta tsaya mata har ta samu iƙama, takardar izinin zama.

A lokacin su goma sha ɗaya ne a shagon. Wasu na kan keke, wasu na jera duwatsu a bakin hannu, amma yanka na Indo ne ita kaɗai. Mace za ta shigo, Indo ta dube ta daga kafaɗa zuwa idon sawu, ta ɗora almakashi a kan yadi ba tare da ta gwada ba. Haifa da kanta Mu'allima take ce mata.

Sai ma'aikata suka soma raguwa. Wata ido ya hana ta, wata takardunta suka ƙare, biyar suka koma gida. Masu zuwa neman aiki sun yi ƙaranci, 'yan matan da aka haifa a nan kuwa ba mai sha'awar zaman keke. Cikin shekara shida su huɗu suka rage: Indo, masu ɗinki biyu, da Mariama, wata Bamaraɗiya sa'ar Indo, wadda ta yi shekara goma tana guga. Kwano ɗaya suke ci da Indo.

Da aiki ya fi ƙarfinsu, Haifa ta kawo wani dogon tebur mai allo, mai aiki da ƙirƙirarriyar basira. A nuna masa hoton mace, ya fitar da awonta, ya tsara yadin yadda ba za a yi asara ba, ya yanka. Ɗinkin da ya yi yawa a tura wata masana'anta a Khumra. Indo aka fara yi wa tayi.

"Ni zan tsaya ƙarfe ya koya mini yanka?" in ji ta. "Halas, shi ke nan, a ba wani."

Aka ba Mariama, don ta yi lakwal, wato makarantar boko, a Maraɗi, karanta allon teburin bai yi mata wuya ba. Kafin sati uku tana fitar da abaya arba'in a rana. Indo, ranar da hannunta ya fi sauri, takwas take yi.

Teburin bai dame ta ba kamar yadda Mariama ta dame ta. Matar da ko layi miƙaƙƙe ba ta iya yankawa, yau ita ce mai kujera mai juyawa, ita Haifa ke kawo wa shayi. Abin ya kai maƙura ranar da Afnan ta shigo, matar da Indo ta yanka wa kayan aurenta. Ta gaishe ta sama-sama, ta wuce tana tambaya, "Ina Mu'allima Mariama?"

Da azahar Indo ta ja kwanonta ta koma bayan labule.

"Yaya Indo, na yi miki laifi ne?" Mariama ta tambaye ta.

"Laifin me? Azumi nake son ramawa, ina rage ci."

"Ki zo in nuna miki, wallahi ba wuya. Kwana biyu kin iya."

Wannan maganar ce ta fi yi mata ciwo. Ta ce, "Allah ya bar ki da abinki."

Haifa ta mayar da Indo duba kayan da aka gama. Indo ta riƙa bin kowace abaya kamar mai neman allura. In ta samu wuyan da ya ɗan karkace, sai ta ɗaga shi sama yadda kowa zai gani. Ranar da ba ta samu komai ba, da ciwon kai take komawa gida.

Ta yi wata biyu a haka kafin ta ji labarin wata Fauziyya da ke da irin teburin a shagonta. Kowace Juma'a bayan la'asar sai ta shiga mota biyu ta je can, ta zauna a gaban allo da tabarau tana koyo. Ta roƙi Fauziyya kada ta faɗa wa kowa. Mariama ta ji labarin tun sati na biyu, ba ta nuna mata ta sani ba.

Gab da azumi zazzaɓi ya kwantar da Mariama, ga aiki jibge. Haifa na safa da marwa, sai ta ga Indo ta hau kujerar ta taɓa allon. Ta saki baki.

"Yalla, Sitti, miƙo yadin," Indo ta ce wa uwar ɗakin nata.

Talatin da ɗaya ta yanka a ranar. Haifa ta rungume ta, masu ɗinki suka yi guɗa. Da yamma Indo ta dama kunu ta kai wa Mariama, ta zauna a bakin katifa tana fifita ta, ta ba ta labari.

"Talatin da ɗaya a ranar farko? Ni sha biyu na yi," in ji Mariama.

Indo ta ji daɗi, amma bai kai mata zuci ba. A motar komawa gida tunani ɗaya take yi: ta ina Mariama ke samo sauran taran nan.