Baba Dabo Ba Ya Shaidar Abin Da Bai Gani Ba

Da an idar da asuba, Baba Dabo zai ɗaure akwatin sifanoninsa a bayan babur, ya nufi duk inda famfon burtsatse ya ƙi ruwa. Daga Tabanni har Tsohon Birnin Gwari, mata sun san ƙarar babur ɗin nan, da sun ji ta sai a fara wanke bokitai. Yanzu gwiwa ta ce ta gaji, zai ajiye aiki, ni kuwa na ce ba zai zauna ba sai na faɗi halinsa.

Mutum ne mai taurin kai, kuma ina ƙaunarsa a haka. Ku tambayi Japheth, wanda ya koyi aiki a hannunsa. Da hanyar gonarsu ta Damari ta ƙi biyuwa, ga iyali, sai ya nemi aiki a wata ƙungiyar samar da ruwa a Kaduna. Ya buɗe shafi a dandalin ma'aikata na intanet, inda abokan sana'a ke danna wa mutum shaidar ƙwarewa. Abokai suka yi ta dannawa kamar rabon goro. Saude, 'yar Baba, ta buɗe wa mahaifinta nasa shafin, ta karanto masa jerin ƙwarewar da Japheth ya rubuta.

"Gyaran famfo? Danna. Haɗa sola? A'a," in ji Baba.

"Haba Baba, dannawa ce kawai!" in ji Japheth.

"Shaida suka ce, ɗana, ba gaisuwa ba. Ban gani ba."

Japheth ya tafi ransa a ɓace. Ashe ƙungiyar za ta kira Baba, su ji dalilin da ya tsallake sola. Amsar nan dai ya maimaita. Suka ce to, ɗayar da ya danna sun yarda da ita, aka ɗauki Japheth.

Baba, kai ne ka shayar da ƙauyuka, kai ne mai shaidar da ba ta da araha. Mun gode, Allah ya ba gwiwa lafiya. Masu danna wa kowa komai, ku yi koyi da shi.

Makon jiya Japheth ya dawo Tabanni, ya haɗa wa famfo sola, Baba na zaune a gindin mangwaro yana kallo. Da ruwa ya zubo, sai Baba ya miƙa wa Saude wayarsa.

"Danna masa. Yanzu na gani."