Ƙahon Katako Biyu Zuwa Rafin Tsamiya

Unguwar Shanu, asubar Talata

Ƙarfe shida saura kwata, fitowarmu daga masallaci ke nan, a-kori-kurar Ɗanlami direba ta tsaya a ƙofar gidanmu. Saura kwana biyu a ɗauki azumi, a shekarun da ake aikin mai da titin Zariya tagwaye. Kayana akwatuna biyu ne na filawud, kowanne ya kawo mini ƙirji, sai ƙaramar amfilifaya da makirfo da batirin mota. Rafin Tsamiya na nufa, wani ƙauye bayan Giwa, wurin Malam Ishaƙa wanda na sauke Alƙur'ani a hannunsa.

Gyaran rediyo nake yi a Abakwa, ba kafinta ba ne ni. Abin da ya sa na kama zarto shi ne, Malam ya yi ciwon maƙogwaro da damina, ya warke, amma murya ba ta dawo ba. Shekara talatin shi ke tafsiri a garin. Dattawan masallaci suka ce in bana ba a jin sa, za su ɗauko wani daga Zariya. Sun gwada masa lasifikar ƙarfe irin ta kiran salla, sai ta zubar da kaurin muryar, ta bar shaƙewar kaɗai. Akwatin lasifika na kanti kuwa kwana biyu zai shanye batir, ga garin ba lantarki, caji sai an je Giwa.

A wata tsohuwar mujallar masu gyaran rediyo na ga dabarar. Ka ɗauki lasifika mai inci takwas, ka sa ta a bakin wata ƙuntatacciyar hanya mai buɗewa a hankali kamar kakaki. Tsawon hanyar ƙafa bakwai ne, don haka sai ka naɗe ta sau uku a cikin akwati. Wannan hanyar ita ce ƙahon, shi ne ke yin aikin, ba wuta ba, shi ya sa batir ke yin mako. Amma ko kafar allura iska ta samu, sauti ya lalace. Wata uku ina wannan aiki a tsakar gida. Na ɓata biyu kafin na samu daidai. Matata Hajara ce ke riƙe mini awo, ita ke tsame garin katako daga cikin randa.

Ɗanlami ya zagaya akwatunan, ya ƙwanƙwasa ɗaya.

"Mai rediyo, wannan ai gawa biyu ce."

"Ka kwantar da su a kan buhun taki, kada igiya ta bi ta bakin."

Hajara ta miƙo mini ƙunshin waina, muka tashi shida daidai.

Kawo zuwa Katabu

A tashar Kawo muka ɗauki fasinja bakwai da buhun gishiri. Wata mai sayar da tasoshi ta nemi ta zauna a kan akwatina, na ba ta wurina a gaba, na koma baya na rungumi kayana. Bakwai da kwata muka bar Kawo. Saboda aikin titi, sau uku aka sauke mu kan ɓarayin hanya, kowace girgiza a haƙarƙarina nake jin ta. Takwas saura kwata muka wuce Katabu, muka bar mararrabar Jos a dama.

Shinge

Kamar kilomita goma sha biyar gaba da Katabu muka tarar da ganguna biyu da katako mai ƙusoshi a tsakiyar titi. Mutum huɗu ne cikin kaki. Ba zan faɗi irin kakin ba. Wani gajere mai jan ido ya zo baya, ya buga akwatin da gindin bindiga.

"Na wa ne?"

"Nawa ne, yallaɓai. Lasifikar masallaci ce."

"Sauke."

Muka sauke ɗaya. Ya zura hannu ta bakin har kafaɗa, ya ji hanyar ta karkace ta yi ciki. Ya leƙa, bai ga ƙarshenta ba.

"Ina lasifikar?"

"Tana can ciki. Hanyar naɗe take."

"Akwati mai ɗakuna a ɓoye. Me ka zuba?"

"Iska ce kawai, yallaɓai. Ga batir, ga makirfo. Minti biyar in haɗa, ka yi magana ka ji muryarka."

"Ni za ka koya wa aiki?"

Ɗanlami ya matso kunnena. "Ka miƙa masa na goro mu wuce."

Na ce a'a. Ba sata na yi ba, ba fasa-ƙwauri ba, kayan karatun Alƙur'ani na ɗauko. Na ce da mutumin in dole sai ya gani, akwai murfi a baya mai sukurori goma sha biyu, ga sukundireba a aljihuna. Har na durƙusa zan fara kwancewa. Ya ture ni da gwiwa, ya sa Ɗanlami ya ba shi ƙarfen cire taya.

Ina kallo ya soka shi a mahaɗar gefe ya danna. Gam ɗin ya riƙe, har sai da ya taka da ƙafa. Katakon ya tsage tun daga sama har ƙasa. Ya fasa naɗi na farko, babu komai. Ya fasa na biyu, babu komai. A na uku ƙarfen ya zarce ya huda takardar lasifikar.

Ya leƙa, ya miƙe, ya jefar da ƙarfen.

"Ai da ka yi bayani. Ku tafi."

Wannan maganar ta fi ƙarfen ciwo. Ban san lokacin da na yi kansa ba. Mai tasoshi ce ta cafke mini riga, tana cewa, "Ɗana, kana da iyali, dubi abin da ke kafaɗarsa." Na tsugunna ina tsince ɓaraguzan katako a kan kwalta, shi kuwa ya riga ya tsai da wata motar.

Zariya

Tara da rabi muka bar wurin. Muka iso Zariya. A Kwangila fasinja suka sauka shan koko, Ɗanlami ya zagayo baya.

"Taurin kanka ne ya ja. Kullum nan nake bi, ba a taɓa fasa mini kaya ba."

"Shi ya sa suke nan kullum. Kuma ƙarfen wa aka yi aikin da shi?"

"In hana shi? Ka ga na yi kama da mai rai biyu?"

Muka yi ta yi har mutane suka taru. Ina jin haushinsa, ina jin haushin fasinjan da suka sunkuyar da kai, ina kuma jin haushin kaina, don wata zuciyar tana ce mini da na bi shawararsa da Malam ya samu kayansa lafiya. Ban ci wainar Hajara ba, ban kuma nemi almajirin da zan ba ba, na ajiye ta a cikin jaka. Duk da rigimar, Ɗanlami ya karkata da ni Sabon Gari ba tare da na roƙe shi ba. Na sayi gwangwanin gam da ƙananan ƙusoshi. Lasifika mai inci takwas irin tawa, shago huɗu na shiga, babu.

Giwa da Rafin Tsamiya

Sha biyu muka bar Zariya ta Samaru da Shika, kilomita talatin da wani abu zuwa Giwa. Daga nan kwalta ta ƙare. Mil tara na turɓaya suka ci mana awa ɗaya. Biyu da rabi muka tsaya a gindin tsamiyar masallaci, rabin garin ya fito kallo. Da aka sauke fasasshen, wani dattijo ya ce da na kusa da shi, yadda zan ji, "To, gara dai a aika Zariya tun da wuri."

Malam yana zaure a kan buzu. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa komai. Sai da na matso sosai na ji amsarsa.

"Habu, ka ci abinci?"

"Allah gafarta Malam, wata uku fa."

"Na ji. Ka ci abinci tukuna."

Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka. A ɗakin baƙi na gidansa na kwana.

Laraba

Da hantsi Malam ya aika aka kira Baba Tanimu, kafintan garin, mai yin ƙyaure da kujerun tsugunno. Ya daɗe yana bin hanyar ƙahon da yatsa ta wurin da aka fasa.

"Wanda ya yi wannan ya sha wuya. Wanda ya fasa ma ya sha wuya, gam ɗinka na kirki ne."

Ban yi dariya ba. Muka jera ɓaraguzan a kan tabarma, muka liƙa, muka ɗaure da igiyar rama tunda babu matsi. Inda katako ya ɓace, ya narka kakin zuma da garin katako ya toshe. Hudar takardar na liƙe ta da ƙyallen da na yanka daga aljihun rigata. Sai la'asar muka gama. Da yamma aka ga wata.

Alhamis, ɗaya ga azumi

Bayan azahar na haɗa kaya na gwada. Lafiyayyen ya fito da murya cikakkiya, mai kauri, har wata akuya ta tsinke igiya. Gyararren yana aiki, amma duk harafi mai nauyi sai ya yi zuu kamar ƙudan zuma a tulu. Na ji kamar in ɗauki gatari in ƙarasa shi.

Wuri biyu za a sa su: gaban masallaci inda maza ke zama, da bayan zana can nesa inda mata suke. Dattawan da za su yanke hukunci a gaba suke, don haka na sa aka kai lafiyayyen can. Malam ya yafito ni.

"Mai da shi wurin mata."

"Allah gafarta Malam, waɗannan ne fa ke son a cire ka."

"Su suna ganin bakina. Mata ba sa gani."

Na yi gardama, abin da ban taɓa yi da shi ba. Shi dai ya buɗe littafinsa. Ni da Baba Tanimu muka ɗauki akwatin muka zagaya da shi.

Bayan la'asar mai jan baƙi ya ja aya, Malam ya fassara da wannan muryar da ba ta wuce tabarma ɗaya. Ta fita har bakin rafi. A gaba tana zuu, kowa yana ji, kowa kuma yana jin aibin. Ni ban fahimci ko aya ɗaya ba, zuu ɗin kawai nake saurare. Da aka shafa fatiha, dattijon nan na shekaranjiya ya ce, "Ana ji dai," ya sa takalmi ya tafi. Ba a sake maganar Zariya ba. Matan kuwa suka aiko da ƙwaryar fura aka ce a ba mai akwati.

Juma'a, komawa gida

Da safe na nuna wa Baba Tanimu yadda ake haɗa wayoyi, na je sallama. Malam ya riƙe hannuna.

"Wancan mutumin na hanya, ka yafe masa. Azumi muke."

"Zan gwada, Allah gafarta Malam."

Bakwai na hau bayan babur zuwa Giwa, na samu bas zuwa Zariya, wata kuma zuwa Kawo. Ɗaya da kwata na shiga gida, na samu Juma'a da ƙyar. Hajara ta dubi aljihun rigata da ya ɓace, ta dubi fuskata, ba ta tambaye ni ba sai bayan shan ruwa.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Baba Tanimu, da baiwar Allah mai tasoshi da ban san sunanta ba, wadda ta riƙe mini riga. Ɗanlami ma na gode masa, ko da yake mun yi wata biyu ba ma gaisawa. Malam ya yi tafsiri shekara huɗu da waɗannan akwatuna kafin Allah ya karɓi abinsa. Abin da ya roƙe ni ranar sallama, na ce masa zan gwada, kuma na gwada. Har yau ban iya ba.