Minti Goman da Gaisuwa Ta Cinye

Minti goma aka ba kowane ɗalibi ya tsaya gaban malaman sashenmu ya bayyana binciken da ya yi na shekarar ƙarshe. Wanda ya ci ya fita tare da 'yan ajinsa, wanda ya faɗi kuma sai baɗi. Ni kuwa ba ni da niyyar ƙara ko kwana ɗaya a Birnin Kebbi da sunan ɗaliba.

Bincikena a kan ajiyar albasa ne. Wata huɗu ina zirga-zirga zuwa Argungu wurin kawuna, ina buɗe rudu, rumfar karan da manoma ke jibge albasa a ciki, ina ware ruɓaɓɓiya da lafiyayya. Warin ya kama mayafina har mutane kan ja jiki idan na shiga keke. Abin da na gano ba wani babba ba ne, amma da gumina na same shi: albasar da aka bari ta sha iska a inuwa kafin a zuba ta fi wadda aka kwaso kai tsaye daga gona daɗewa.

Malamin da ke duba aikina ya ja mini kunne. Kada in karanta takarda, in dubi mutane. Gaisuwa ta zama layi ɗaya. Sakamako shi ne naman miyar, in kai gare shi kafin minti na shida. Na koma ɗakinmu a Gwadangaji na yi ta yi wa bango jawabi, agogon waya na gudu. Na datse, na sake datsewa, har na jefar da hotunan da na fi so. Ƙawata da muke ɗaki ɗaya ta haddace jawabin tas, idan na yi tuntuɓe ita ke ɗora ni daga bakin murhu. A ƙarshe ya tsaya minti tara da rabi cif.

Ranar na fara lafiya lau. Muryata ba ta rawa, malamina yana gyaɗa kai. Ina cikin minti na uku ƙofa ta buɗe, shugaban sashe ya shigo da babbar riga, waya a kunne. Tun safe ake jiransa, da aka gaji aka fara.

Na yi shiru. Wannan shi ne kuskurena, kuma ban san yadda zan guje masa ba. A gidanmu babba ba ya shigowa yaro ya ci gaba da magana. Bakina ne ya rufe kansa, har da ɗan rusunawa.

Shi kuwa sai ya bi teburin malamai ɗaya bayan ɗaya yana miƙa hannu. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya mai jiki, an dawo daga ta'aziyya lafiya? Malamai shida, kowa da tasa amsar. Ni ina tsaye kamar turken akuya, ina kallon malamin da ke riƙe da agogo. Bai tsayar da agogon ba.

Da ya zauna ya gyara riga, ya dube ni. "Ke ɗiyag ga, sake hwarawa, ban ji hwarko ba."

Na dubi malamina ko zai ce a mayar da agogo baya. Ya sunkuyar da kai yana duba biro kamar yau ya fara ganinsa. Wallahi wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Na sake farawa. Kuma tunda yanzu babba na zaune, gaisuwar layi ɗaya ba ta yiwuwa, sai da na jero muƙamansa duka. Na shiga gudu, ina haɗiye kalmomi, ina tsallake hotuna. Ina cewa "abin da muka samu shi ne", aka buga tebur. Lokaci ya cika.

"Malam, minti ɗaya don Allah," na ce.

Shugaban ya ɗaga hannu. "Doka doka ta. In munka ƙara miki, sai mu ƙara ma kowa." Sannan ya juya ga sauran yana murmushi. "To mi tas samu? Ni ban ji ta hwaɗi komi ba."

Aka yi dariya, irin wadda ake yi wa maganar manya ko ba ta da daɗi. Na tattara takarduna cike da haushi. Wata huɗu na albasa suna cikin bakina, ba wanda ya ji.

A waje malamina ya tare ni da "ki yi haƙuri, haka Allah ya so." Na ce masa Allah bai hana shi buɗe baki ba. Ban taɓa yi wa malami magana haka ba, kuma har yau ban yi nadama ba.

Bayan mako biyu aka liƙa sakamako, sunana cikin masu maimaitawa. 'Yan ajinmu suna ta ɗinkin bikin fita, ni na je ofis karɓar takardar makina. A ƙasa an yi rubutu da jan biro cewa ɗalibar ba ta san darajar lokaci ba. Shugaban sashe ne ya sa hannu.