Baƙaƙen Kajin Zinariya

Zinariya maƙwabciyata ce a Gagarawa, katanga ɗaya ta raba mu. Tun da na fita takaba nake yini a gidanta, ina tsinkar zogale tana watsa wa kaji tsaki. Ba ta yi boko ba, amma babu kazar da ba ta san launin uwarta da kakarta ba. Mata na kawo mata kiwo, in an ƙyanƙyashe a raba 'yan tsaki, da wannan take riƙe kanta.

Bara da kaka baƙar kazarta ta ƙyanƙyashe tara, uku farare tas, zakaran gidan kuwa baƙi ne wuluk. Dama Lauratu, matar Malam Cindo mai gyaran babur, ta daɗe tana cigiyar ƙwan farar kazarta. Sai ga ta, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Yaya Zinariya, baƙi da baƙa su haifi fari? Ko da sabulu kazarki ke wanke 'ya'yanta?"

"Zauna mana, Lauratu, ki sha ruwa."

"Na sha a gida."

Kafin la'asar magana ta zaga unguwa, wai Zinariya na satar ƙwai. Mata biyu suka aiko a mayar musu da kajinsu.

Zinariya ta ce mini, "Kakar kazar nan fara ce, a Maigatari na saye ta. Uban zakaran ma fari ne. Farin yana kwance a jikinsu, sai ya haɗu ta wajen uwa da uba yake fitowa." Na ce ta je ta faɗa. Ta ce baki ba zai wanke ta ba.

Da kazar ta yaye 'ya'yanta, sai Zinariya ta ɗauke ta da zakaran da akurki, ta kai gidan Lauratu. "Ki rufe su, ki yi wa kowane ƙwai alama da gawayi. Ni ba zan leƙo ba."

Na yi ta sa ta a addu'a, don ta gaya mini wani zubin farin ba ya fitowa ko ɗaya.

Bayan kusan wata biyu, da hantsi, Lauratu ta shigo da kwando. 'Yan tsaki takwas ne a ciki, biyu farare.

"Yaya, na ɗauki alhakinki. Ki yafe mini."

"Allah ya yafe mana baki ɗaya. Wa kika nuna wa?"

"Ba kowa tukuna."

"To in za ki koma, ki bi ta bakin famfo, kwandon a buɗe. Kada ki yi sauri."

Haka Lauratu ta yi, har da tsayawa gaisuwa. Kafin Juma'a matan nan biyu sun dawo da kajinsu, ɗaya ma ta haɗo da ta ƙanwarta daga Gumel.